Taliya a Gaban Suruka

Gidaɗo bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba sai da ya zo Dubai, kuma wannan ɗan abin, da bai ko kai a ba da labarinsa ba, shi ya kusa raba shi da matarsa.

A gidansu da ke Azare, kwano ɗaya ake dire wa samarin gida a zaure, hannuwa su faɗa ciki kamar kaji sun ga tsaba. Wanda ya tsaya hura tuwo da yunwa zai kwana. Daga nan aka kai shi makarantar kwana, inda ko garin kwaki ka jiƙa a ɓoye sai cokula sun fito daga aljihun mutanen da ba ka san sunansu ba. A jami'a a Kano, kwanan ɗaki kamar an jera rake. Da ya yi aure aka yanka masa ɗaki a cikin gidan nasu dai, taga tana kallon madafi, ko tari ya yi sai wata gwaggo ta aiko a tambayi jikin. Bai taɓa ganin aibun haka ba. Wanda aka haifa a cikin ruwa bai san ya jiƙe ba.

Sai aiki ya samu, gwajin jini a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Dubai. Ya kai matarsa Murjanatu da jaririyarsu Ummi Kulsum gidan mahaifiyarta a Kano, ya ce da zarar ƙafarsa ta tsaya zai aiko musu da biza. Da gaske yake a lokacin. Ya kama wuri a Al Nahda, unguwar ma'aikata da ke bakin iyakar Sharjah, a irin gidajen benen nan da ake tsaga falo da katako a fitar da ɗakuna. Nasa bai wuce a shimfiɗa katifa a buɗe akwati ba. Amma yana da ƙofa, ƙofar tana da makulli, makullin kuma yana aljihunsa.

Gudun rana ne ya kai shi gidan abincin. Wata Alhamis ya sauko daga bas, zafi kamar an buɗe masa murhu a fuska, ya faɗa ƙofar farko da ya ji sanyi na fitowa. Ƙaramin gidan abincin Italiya ne, matse tsakanin shagon wanki da na aski. Wani Bamisire ne da shi, wanda ya yi zaman wanke-wanke a Italiya ya dawo da girkinsu a ka. Tebura 'yan kaɗan masu shimfiɗar leda ja da fari, hoton wani gari na bakin teku da rana ta koɗar, firjin lemo na gurnani a lungu. Ba giya, ba alade, farashi daidai aljihun ma'aikaci. Gidaɗo ya nuna hoton taliya mai jar miya da yatsa. Sai da ya ci rabi ya lura hannunsa na hagu ya kewaye farantin yana gadi, alhali babu wanda zai miƙo hannu. Ya janye hannun ya ajiye a cinya. Ranar ya fara sanin abinci yana da farko da tsakiya da ƙarshe.

Tun daga nan kowace Alhamis, in ya tashi aiki, yana teburin lungu kusa da taga, waya a kife.

Biza kuwa ta yi ta samun dalili. Da farko albashi bai kai abin da hukuma ta gindaya wa mai kawo iyali ba. Da albashi ya kai, sai haya ta yi tsada. Ana haka aka rufe wa 'yan Najeriya biza gaba ɗaya. Ranar da labarin ya fito ya kira Murjanatu yana salati, kuma ba ƙarya yake ba. Sai dai da ya kashe wayar ya tarar da kansa yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa yana goge takalmi. Ya katse waƙar, ya yi istigfari, bai sake yarda ya leƙa wannan lungun na zuciyarsa ba. Da aka buɗe biza, dalilai suka ƙare, ya koma "in sha Allah" da "ana nan ana ƙoƙari". Bai taɓa fashin aiken kuɗin cefane ba. Bai kula wata mace ba. Da waɗannan biyun yake wanke kansa a gaban kansa, har Ummi Kulsum ta shiga makaranta.

Sai ga kiran Hajiya Saratu, mahaifiyar Murjanatu. Tsohuwar 'yar kasuwa ce a Kantin Kwari, ta fi shi sanin lungunan Deira, unguwar kasuwannin Dubai, abaya da turare take sara tun yana makarantar kwana. Ta sauka a otal ɗinta na Al Sabkha, ta gama ɗaure kayanta a Murshid Bazaar, sannan ta neme shi.

"Abban Ummi, ina son ganinka kafin in juya." Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda ba ta kiran na Murjanatu, 'yar farinta. "Kawunnan yarinyar nan sun zauna. Sun ce ko ka ɗauke ta, ko ka sauwaƙe mata. Na ce su dakata in gani da idona."

Bai iya kai ta ɗakinsa ba, gidan maza ne zalla. Ta ƙi gidajen tuwon Deira, ta ce can ko atishawa ta yi sai ta riga ta isa Kano. Sai ya ji bakinsa ya ce akwai wani wuri a unguwarsu da Hausawa ba sa zuwa. Ya lissafa abinsa: Asabar ce da rana, Fahad, Ba'indiye ɗan Keralan da ke kawo masa abinci, da yamma yake aiki, ba wanda zai san shi. Za a kawo mata abinci, shi ya fake da amsa waya ya fita har ta gama, tunda ɗan mutunci ba ya tauna a gaban suruka, ita ma ba ta yi a gabansa. Daga baya ya sha tambayar kansa, cikin duk gidajen abincin da ke Dubai me ya sa can ne ya faɗo masa. Wani sa'in mutum da ƙafarsa yake kai kansa inda za a kama shi, don ya gaji da ɓuya.

A bakin ƙofa ya tare ta da ta sauko daga tasi. Ya durƙusa a kan siminti mai zafi har gwiwarsa ta ji a jikinta. Wasu direbobin babur da ke jiran oda suka bi shi da kallo.

"Hajiya, kun zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau. Tashi, kar wandonka ya ƙone."

Yana tura ƙofar gilashin, ƙamshin tafarnuwa da tumatir ya tarbe su, tare da muryar da ya yi fatan ba zai ji ba.

"Habibi! Yau Asabar fa! Kwana ya ɓace maka ne?"

Fahad ne, da tumbinsa da gashin bakinsa, tawul a kafaɗa, yana washe haƙora. Canjin aiki suka yi da abokinsa. Da Turanci ya yi maganar, Gidaɗo ya ɗan ji sanyi, sai kuma ya tuna. Hajiya ba ta yi boko ba, amma cinikin shekaru da Indiyawa ya ba ta Turancin da ya ishe ta kama ƙarya.

Ta gyara mayafinta ta bi Fahad, wanda ko tambaya bai yi ba ya nufi teburin lungu. Kujera ɗaya ce a wurin. Ya jawo wata daga teburin kusa, ƙafafunta suka yi ƙara a tayil, ya goge ta da tawul yana cewa, "Mama, tafaddali."

Gidaɗo ya zauna a gefen kujera, jikinsa a karkace, idonsa a kan ledar tebur. Zama daidai da ita, kafaɗa da kafaɗa a tsayi, ya fi masa durƙuson ciwo. Ta ɗauki takardar abincin tana duba hotuna, ta kai ta nesa da ido.

"Wannan fa? Gurasa ce ta je Turai ta dawo da kwalliya?"

"Fiza ce, Hajiya."

"Na san sunanta. Wannan kuma taliya ce dai, 'yar murji da ta yi makaranta." Ta ajiye takardar, ta dubi Fahad, ta nuna Gidaɗo da haɓa. "Abin da yake ci. Biyu."

Fahad bai ciro biro ba. Ya juya ya ƙwala wa kicin kira, kalma ɗaya da yatsu biyu. Hajiya ta bi bayansa da ido har ya shige.

"Bai tambaye ka ba," ta ce.

"Nakan ɗan leƙo, Hajiya."

"Uhm."

Ta shiga ba shi labarin gida, a hankali, kamar mai warware bandir. Ummi ta yi giɓi. An yi ruwa har katangar maƙwabta ta faɗi. Kuɗin kargo ya tashi, wanda ke ɗaure mata kaya ya koyi wayo. Gidaɗo yana "Allah sarki", yana "ikon Allah". Tun daren jiya bai sa komai a baki ba don fargaba. A teburin gaba wasu nas-nas 'yan Filifin suna raba fiza suna dariya, cuku na bin yatsunsu kamar zare.

Abincin ya iso yana tururi. Ya fara laluben wayarsa don ya yi ƙaryar kira, sai Fahad ya ɗaga yatsa alamar a jira, ya koma bayan kanta, ya dawo da abu a hannu ya dire tsakiyar tebur da alfahari, kamar mai gabatar da ɗa.

Kwalba ce mai jan murfi, an sa farar leda a ƙarƙashin murfin kafin a murɗe, yadda matan gida ke yi don kada iska ta shiga. Yaji ne, ya kusa rabi.

Hajiya ta miƙa hannu ta ɗauka. Ta juya ta. Ta buɗe ta kai hanci. Gidaɗo ya ji ƙamshin daga inda yake, citta da masoro da ƙanumfari da ƙuli, dakan Murjanatu.

"Kwalbata ce," ta ce a hankali. "Ni na wanke ta na kife a rana. Yarinyar nan ta wuni tana daka tana tari, ido kamar garwashi, na ce ta kai inji ta ce inji yana kashe ƙamshi. Ni na kai wa Mijinyawa, da na ji zai zo nan sari, har gida na roƙe shi ya sa a jakarsa ya kawo maka." Ta mayar da murfin. "Ashe nan ne gidan."

"Hajiya..."

Ta ɗaga masa hannu, ta yafito Fahad. Da Larabcin kasuwa ta yi masa magana, irin wanda ake yi da hannu da ido.

"Shi. Kullum yana zuwa?"

"Kowace Alhamis, Mama! Shekara da shekaru. Ɗan gida ne."

"Madam fi?" Wato, akwai mace?

Fahad ya yi dariya har tumbinsa ya motsa, yana ganin yabo zai yi. "Ma fi madam! Ba madam, ba aboki, ba kowa. Shi kaɗai. Ko kujera ta biyu ba ya so, cewa yake in ɗauke. Mutumin kirki ne, Mama, wallahi. Waya ma kife ta yake."

Ya tafi yana jin ya yi aikin lada.

Firji ya ci gaba da gurnani. Gidaɗo ya ji gumi na bin bayansa duk da sanyin wurin. Duk kiran Alhamis da Murjanatu ta yi ba a ɗaga ba, wanda ya ce mata aiki ne ya riƙe shi, yanzu yana kan teburin nan tare da kwalbar.

"Da mace ce," in ji Hajiya, "da na san ta inda zan ɓullo. Na taho da shirin mace. Tun a jirgi nake haɗa maganar da zan faɗa maka." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ashe kujera ce. Kujera ma ba ka so."

Bai ɗago ba.

"Faɗa min. Albashin ne?"

"A'a."

"Hayar ce?"

Ya ce, "Za a iya samu ta ɓangaren Sharjah."

"Ta yi maka wani abu ne? In ta yi, faɗa. Ni na haife ta, na san ba waliyyiya ba ce."

"Wallahi ba ta yi min komai ba."

"To mene ne?"

Ya buɗe baki, ya rasa da wace kalma ake faɗar abin. A inda ya fito ba a yi masa suna ba, sai dai sunan zagi: mugun hali, baƙin rai, rowar kai. Me zai ce? Cewa in ya murɗa makullin nan ya ji ƙas, wani abu yakan sauka daga kafaɗarsa? Cewa yana son Murjanatu, yana kallon hotonta, amma in ya tuna ƙarar tukwane da baƙi da 'yan'uwan da za su fara sauka a gidansa in sun zo sari, numfashinsa yakan tsaya?

"Shirun ne, Hajiya," ya ce da ƙyar. "Ban taɓa samu ba. Da na samu sai na kasa saki."

Ya jira salati, ko tsaki. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta juya tana kallon titi ta taga, inda rana ta kori kowa.

"Kana tsammani ribar abaya ce ke kawo ni garin nan?" ta ce. "Yara yanzu ta waya suke sari, kaya su same su har shago. Ni ce dai ke hawa jirgi da ciwon gwiwa. In na shiga ɗakin nan na Al Sabkha na rufe, ba mai cewa Hajiya gishiri ya ƙare, ba mai cewa Hajiya an yi rasuwa a ƙauye. Shayi nake haɗawa in zauna a kan gado kamar wata sarauniya. Na san daɗin abin da kake faɗa, kar ka ɗauka kai ka gano shi." Ta juyo. "Amma ni ina komawa."

Ta jawo jakarta ta ɗora a cinya.

"Ba kawunnanta ne suka tayar min da hankali ba, su surutu ne. Ita ce. Ka san ta ɗinka labule? Tun shekarar da ka tafi. Tagar da take hangowa bayanka in kuna waya, ita ta kintata ta yanka yadi. Yana cikin akwatinta, duk sallah sai ta fito da shi ta shanya. Watan jiya aka yi bikin 'yar maƙwabta, na ga labulen a ɗakin amarya. Ban tambaye ta ba, ba ta ce min komai ba. Ta daina tambayar yaushe. Mace in tana faɗa, da sauran zama. In ta yi shiru ta fara kyauta da kayanta, to a bincika."

Fahad ya leƙo, ya ga ba wanda ya taɓa farantinsa, fuskarsa ta canja. "Akwai matsala? Yaji ya yi yawa? In ɗumama?"

"Khalas, bar shi," Hajiya ta ce ba tare da ta kalle shi ba. Ya ja da baya.

Ta sa yatsa ta tura farantin Gidaɗo har ya taɓa ƙirjinsa. Ta tura kwalbar ta bi shi.

"Na san ka. In na ce ka ba ni amsa da baki, in sha Allah za ka ce, ka durƙusa, ka raka ni tasi, in koma da in sha Allah a jaka. Bakinka ya iya ladabi. To ga abincinka. Tun da ka auri 'yata ko ruwa ba ka taɓa sha a gabana ba. In ka ci yanzu, na gane ni ba surukarka ba ce, wata tsohuwa ce kuka haɗa tebur. Ba saki ba ne, wannan tsakaninka da ita ne da Allah. Amma ni zan gane, in je in shirya ta, ba tare da an kai ka gaban kowa ba. Ba zan zage ka ba, ba zan bari a zage ka ba. Ummi 'yarka ce har abada. Ka ci gaba da Alhamis ɗinka." Ta numfasa. "In kuwa har yanzu kana jin kunyata, to kunyar nan ta yi aiki. Kunyar da ta hana ka taliya amma ba ta hana ka jingine Murjanatu kamar tsohuwar tabarma ba, ba na so."

Sunan ya faɗo a kan teburin kamar an saki faranti. Bai taɓa jin sa a bakinta ba.

Wannan ita ce muguntar tayin: ba tarko a ciki. Ƙofa ta buɗe masa da gaske, har ta share masa hanya. Loma ɗaya, ba shari'a, ba taron dangi, ba wanda zai ɗaga masa murya. Ya koma ɗakinsa ya murɗa makulli. Ya ga shekarun a jere a gabansa, masu tsabta, marasa hayaniya, kowace da Alhamis ɗinta. Kuma abin da ya fi ba shi tsoro, bai ji sun yi masa muni ba.

Sai ya lura da hannunsa. Bai san lokacin da ya ɗauki cokali mai yatsu ba. Sabo ya riga shi: ya nannaɗe taliyar tsaf yadda Fahad ya koya masa, har ya ɗago ta daga farantin. Miya na ɗiga. Yawu ya cika masa baki. Hajiya ba ta kallon fuskarsa, cokalin take kallo, hannuwanta biyu sun damƙe hannun jaka har jijiyoyi sun fito.

A nan, cokali a sama, wani abu ya dawo masa. Suna sabon aure a Azare, wata ranar Juma'a da rana, Murjanatu ta dafa 'yar taliya da manja a risho cikin ɗaki. Suna shirin ci aka fara buga ƙofa, ƙannensa ne sun ji ƙamshi. Ya miƙe zai buɗe, ta riƙe masa riga. Ta sa yatsa a leɓe. Suka zauna a ƙasa, bugu na tashi, ana kiran sunansa, ita tana toshe baki da gefen zani don kar dariya ta fito, har masu bugun suka gaji. Sannan ta tura masa kwanon ta ce cikin raɗa, "Ci a hankali, ba mai ƙwace maka." Bai iya ba a lokacin, cikin minti kaɗan ya share. Ita ce ta fara rufe masa ƙofa a duniya. Ya zo nan ya samu ƙofar, ya rufe da ita a waje.

Bai ji wani haske ya sauko masa ba. Abin da ya ji ya fi kama da wanda aka ce ya tashi daga barci mai daɗi. Ya sauke cokalin, ya kwantar da shi a gefen faranti, ƙarfe ya taɓa tangaran ya yi 'yar ƙara.

"Ba na ci a gabanku, Hajiya."

Ba ta saki jakar ba. "Yau, ko kuwa?"

"Har in mutu, in Allah ya yarda."

"Bar in Allah ya yarda, Allah ya daɗe da yarda. Yaushe?"

"Litinin zan nemi gidan. Ina samun takardar haya zan shigar da tasu."

"Ba ni za ka faɗa wa ba." Ta nuna wayarsa da ke kife a kan tebur, sai a lokacin ya ga ashe kife ta ya yi. "Kira ta. A waje. Tashi ka ba ni wuri, Abban Ummi, tun safe ban karya ba, kuma ba zan tauna kana zaune ba."

Ya miƙe. Fahad ya tare shi a hanya, ido waje. "Habibi, ba ka ci ba!"

"Mama za ta ci."

Zafin waje ya rufe shi kamar bargo. Ya tsaya a 'yar inuwar shagon wanki, ya juya wa tagar baya yadda ya kamata. Wayar ta yi ta ƙara har ya fara fatan kar a ɗaga, ya kama kansa yana fatan, ya ƙara matse ta a kunne.

"Salamu alaikum." Muryarta ba fushi, ba murna. A bayanta yana jin Ummi na rigima da wani.

"Murja. Ki ɗauki hoton fasfonki da na Ummi ki turo min. Yau."

Sai da ya duba ko layin ya yanke.

"Umma ce ta sa ka?"

Ƙarya ta zo masa har bakin haƙori, mai laushi, irin wadda ya saba. Ya haɗiye ta.

"Ita ce."

"To kai fa?"

Wata mota a fake a gabansa, gilashinta baƙi, tana nuna masa abin da ke bayansa. Bai yi niyyar kallo ba. Hajiya ta ture cokali mai yatsun gefe, ta naɗe hannun riga, ta zazzaga yaji a farantinta, tana ci da hannu a teburinsa, a hankali, ita kaɗai. Fahad ya zo zai ɗauke kujerar da ba kowa, ta dafe ta da hannun hagu.

"Ina tsoro," ya ce. "Amma ku zo. Akwai wani wuri nan da nake so ki gani. Yajinki yana can."

Ya ji ta ja hanci, ko kuka ne ko mura, bai sani ba, bai kuma da ikon tambaya.

"Zan turo," ta ce. "Amma labule kai za ka saya."

Ta kashe. Ya tsaya da wayar a hannu, gumi na sauka cikin idonsa, cikinsa na kuka, yana jiran surukarsa ta gama.